Sunan da Dada Ta Faɗa Sau Ɗaya

Abin da na fara lura da shi a Khartoum randuna ne. A bakin kusan kowane titi sai ka ga biyu ko uku a jere a kan ƙarfe, an yi musu 'yar rumfa, an ɗaure moɗa da zare, duk wanda ya zo wucewa ya sha ya yi gaba. Gindinsu tsini ne, ba irin namu ba, ruwa yana ɗiga ɗis-ɗis cikin kwanon da aka tara a ƙasa. Tun daga filin jirgi har masauki su nake kallo, domin in na ɗauke ido daga kansu sai in tuna randar Dada, kakata ta wajen uba, wadda ke gindin bishiyar darbejiya a Katagum, hawaye kuma su taru.

Shekarata goma sha bakwai a lokacin. Na gama sakandaren 'yan mata a Azare, na zo neman shiga karatun likita. Wanda ya rako ni Kawu Sale ne, ƙanen mahaifiyata, mai sayar da atamfa a kasuwa. An zaɓe shi ne don ya taɓa zuwa aikin Hajji, a gidanmu kuwa wannan ya isa a ce mutum ya iya Larabci. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana Ramatu ba, sai Uwata.

Ni ba mai magana ba ce. A aji ko na san amsa ba na ɗaga hannu, sai in rubuta ta a gefen littafi, in jira wata ta faɗa in duba ko daidai ne. Kafin mu taso, wata likita maƙwabciyarmu, Dakta Hauwa, ta zaunar da ni ta ce, "Ramatu, ki ji da kyau. Ba kowace makarantar waje hukumar likitoci ta ƙasarmu ta yarda da ita ba. In kika yi karatu a wadda ba ta cikin jerinsu, ko shekara goma kika yi, ba za su bari ki zauna jarrabawar lasisi ba in kin dawo. Ba lasisi kuwa, ba ki taɓa majinyaci." Ta ba ni jerin, na kwafe sunayen makarantun Sudan a bangon baya na littafina na ilimin halittu. Jami'ar da ta ba ni gurbi tana ciki. Sau uku na duba.

A filin jirgi wani mutum ya tare mu da Hausa tsantsa. Ya ce sunansa Malam Tijjani, ya daɗe a ƙasar, aikinsa taimakon ɗalibanmu. Kawu ya rungume shi kamar sun fito ciki ɗaya. Ni abin da na gani shi ne takalminsa yana ƙyalli amma dunduniyar ta cinye ta gefe guda, kuma duk sanda yake magana da Kawu idonsa na kan jakar takardun da na rungume. Shi ya kai mu masauki, wani gida da 'yan ƙasarmu ke sauka, ya ce duk abin da ya taso a neme shi.

Washegari muka tafi ofishin magatakardan jami'a a cikin wani ɗan keke mai ƙafa uku da inji, wanda a lokacin ban taɓa ganin irinsa a Azare ba. Mun isa wajen ƙarfe goma, muka tarar da ofis a buɗe ba kowa a kujera. Ashe lokacin karin kumallon ma'aikatan ke nan. Duk sun taru a baranda sun kewaye faranti ɗaya na wake da aka dama da man riɗi, suna dangwala da burodi. Suka yi ta yafito mu mu zo mu ci. Kawu ya je. Ni na tsaya jikin bango ina karanta sanarwa ɗaya har sau biyar: rajistar sababbin ɗalibai za ta rufe ranar Alhamis ta mako mai zuwa.

Magatakardan dattijo ne siriri mai farin rawani, kowa Ustaz yake ce masa. Ya wanke hannu, ya zauna, ya jera takarduna a kan tebur, ya yi magana da Turanci a hankali.

"Ramatu Adamu Katagum," ya karanta a takardar sakamakon jarrabawata. Ya buɗe fasfo. "Ramatu Adamu Azare." Ya cire tabarau ya dubi bayana. "Ina ɗaya yarinyar?"

Ban gane ba da farko. Sai ya yi bayani. A ƙasarsu suna huɗu ne a jere: naka, na ubanka, na kakanka, na uban kakanka. Duk sunan da ya zo na uku, kaka ne. A takarda ɗaya kakana Katagum ne, a ɗaya kuma Azare. "Mutum ba ya da kaka biyu ta wajen uba," in ji shi. "Ko dai fasfo ɗin na wata ne, ko sakamakon na wata ne."

Kawu ya miƙe yana nuna ni da yatsa. "Wahid! Wahid! Wallahi wahid!" Wai ɗaya ce yake nufi. Larabcin Hajjin ke nan gaba ɗaya. Ya juyo. "Uwata, yi masa bayani mana!"

Bayanin yana bakina. Da aka sa ni firamare ina hannun Dada a Katagum. Da na dawo Azare aji huɗu, sai aka tarar mu uku ne Ramatu Adamu a aji ɗaya. Malam ya ce kowace ta faɗi garinsu a ƙara mata, ni kuwa na ce Katagum. Haka sunan ya bi ni har sakandare. Da aka zo yin fasfo Kawu ne ya cike takardar, shi kuma Sale Azare yake a nasa, sai ya rubuta mini Azare bai tambayi kowa ba. A wurinmu wa zai ga laifin wannan? Rabin 'yan ajinmu sunan gari ne a ƙarshen sunansu, Shira, Sakwa, Gamawa, Misau.  Amma a gaban farin rawanin nan abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ni ce." Ko ni ban ji muryata sosai ba.

Ustaz ya haɗa takardun ya miƙo mini da hannu biyu. Ba da faɗa ya yi ba. Ya ce, "'Yata, ko na rufe ido na karɓe ki yau, bayan shekara shida ba wanda zai buga hatimi a takardar digirinki, hukumar likitocin ƙasarku ma za ta dawo miki da ita. Ki kawo mini hujja kafin Alhamis ɗin can."

Da Malam Tijjani ya ji labari dariya ya yi. "Alhaji, ai wannan ba komai ba ne. Su waɗannan na gwamnati haka suke, a wahalar da baƙo. Akwai kwalejin da na sani, sabuwa fil, ba ruwansu da kakan kowa. Gobe in kai ku, jibi ta shiga aji."

Kawu ya ji daɗin maganar. Tikitinsa na komawa na mako biyu ne, ya bar shago a hannun matarsa, kuma ya yi wa mahaifiyata alkawarin ba zai dawo ba sai ya ga na zauna a aji.

Kwalejin wani gidan bene ne mai hawa biyu da aka yi wa sabon fenti. An karɓe mu da lemo mai sanyi. Aka zaga da mu. A ɗakin gwaje-gwaje na ga madubin duba ƙwayoyin cuta guda shida a jere, kowanne da ledar da ya zo da ita daga kanti, ba a ko yage ta ba. Famfon wanke hannu ba a haɗa shi da bututu ba, na leƙa ƙasan na gani. Na tambayi Malam Tijjani a hankali, ina asibitin da ɗalibai ke koyon aiki? Ya ce ana ginawa. Shugaban wurin ya karɓi takarduna bai ko buɗe fasfo ba, ya turo mana takardar sa hannu.

Na buɗe bangon littafina a ƙarƙashin mayafi. Na bi jerin da yatsa daga sama har ƙasa, na sake bi daga ƙasa har sama. Babu sunanta.

"Kawu," na ce, "ba ta ciki."

"Cikin me?"

Na nuna masa. Malam Tijjani ya leƙo ya yi tsaki. "Haba ƙanwata, wannan ai tsohon jeri ne. Kafin ki gama an sa su. Alhaji, yarinya ce za ta koya mana gari?"

Kawu ya dube ni, ya dubi biron da aka ajiye a gabansa. "Uwata, in mun bar wannan, waccan kuma ta rufe, kin san gida za mu koma hannu wofi?"

Na sani. Na tuna matan unguwa da suka zo sallama suna ce mini Likita tun ban tafi ba. Na tuna Baba da ya sayar da gonarsa ta bakin fadama.  Na miƙa hannu kawai na janye takarduna daga gaban shugaban, na mayar cikin jaka, na rungume. Kawu ya miƙe ya gyara hula.

"To, Malam Tijjani, uwata ta ƙi. Ni kuwa ba na ƙetare maganar uwata."

Daga ranar ba mu sake ganin Malam Tijjani ba. Ko hanyar komawa masauki bai nuna mana ba, sai da muka yi ta yawo cikin rana muna nuna wa masu keke katin gidan.

Kwana biyu muka yi muna zuwa bakin jami'a mu zauna, ba mu san abin da muke jira ba. A gindin wata bishiya daura da ƙofa akwai wata mai shayi, tsohuwa cikin lafaya ruwan toka, da ɗan murhun gawayi da kwalabe a jere, kirfa, citta, kanumfari, na'ana'a. Tana jefa turare a wuta lokaci-lokaci. Kawu yana ta fama da yatsu yana nuna mata sukari kaɗan, sai ta ce da Hausa, "Ɗan'uwa, faɗi da bakinka, ina ji."

Kofin ya kusa faɗuwa daga hannunsa.

Sunanta Hajja Zara. A can aka haife ta, a can aka haifi ubanta. Kakanta ne ya taso da ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya noma a hanya don neman guzuri, bai ƙarasa ba, bai kuma koma ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana cakuɗa ta da Larabci. Ta tambaye mu gari, muka ce Azare.

"Kusa da Shira?"

"Ai ko awa ɗaya ba a yi," in ji Kawu.

Ta ajiye ludayi. "Kakana mutumin Shira ne. Yarinya, gaskiya ne akwai duwatsu a bayan garin, wani a kan wani kamar an ɗora da hannu?"

Na ce gaskiya ne. Ta ce in faɗa mata yadda suke. Ban san yadda aka yi ba, ni da ba na haɗa jimla uku a gaban baƙo, sai ga ni ina ba ta labarin duwatsun da damina, yadda ciyawa ke fitowa a tsakaninsu, da awakin da ke hawa har ƙoli. Tana ji tana kaɗa kai, tana share ido da gefen lafaya tana cewa hayaƙi ne. Daga ranar ba ta sake karɓar kuɗin shayina ba, kullum kuma sai ta ajiye mini ƙosai irin nasu a takarda.

Da Kawu ya ba ta labarin abin da ya same mu, ta kama haɓa. "Ku can gari kuke sa wa a madadin kaka? To in garin ya ƙi ku fa?" Ta lissafa nata kakannin har bakwai ba ta numfasa ba. Sa'an nan ta ce, "Ke fa? Ubanki?"

"Adamu."

"Ubansa?"

"Haruna."

"Uban Haruna?"

 Mai Koma muke ce masa, domin masunci ne a kogin Katagum, ya rasu tun kafin a haifi Baba. Ban taɓa jin wani suna ban da wannan ba. Matar da ba ta taɓa ganin Shira ba ta riƙe mutum bakwai, ni da na sha ruwan kogin na tsaya a biyu.

"Ki koma wurin Ustaz," in ji ta. "Ya fi shekara goma yana shan shayina, ba mugu ba ne. Amma takarda yake ji, ba rantsuwa ba. Ki nemo masa takardar da za ta yi magana."

Da la'asar a masauki na zazzage jakar a kan tabarma, na bi takardun ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda ba a nema ba. A ƙasa akwai takardar shaidar zama 'yar asalin ƙaramar hukuma, wadda Baba ya ce in tafi da ita ko za ta yi amfani. A gindinta akwai hatimi mai shuɗin tawada, zagayayye, gefe ɗaya bai fito sosai ba. A saman da'irar an rubuta ƙaramar hukumar Katagum. A ƙasanta an rubuta Azare. Kakannina biyu a cikin hatimi ɗaya.

Da safe na ce wa Kawu ya bar ni in shiga ni kaɗai. Tun a hanya nake maimaita jimlolin a zuci. Na ajiye takardar a gaban Ustaz, na ɗora yatsa a kan hatimin. Na ce, "Ustaz, waɗannan ba mutane ba ne. Garuruwa ne. Wannan garin kakata ne, wannan garin da aka haife ni. A wurinmu ɗalibi yakan ɗauki sunan garinsu."

Ya ɗauko gilashin ƙara girman rubutu daga aljihun tebur, ya duƙa a kan hatimin. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Ya kira abokin aikinsa da Larabci, shi ma ya zo ya duba. "Ashe kakanki ƙaramar hukuma ne," in ji Ustaz, yana goge ido. "Babban gida kika fito."

Ni ma na yi dariya, karo na farko tun saukarmu.

Sa'an nan ya koma da gaske. Ya ce ya yarda, amma yardarsa ba ta shiga fayil. Sai an yi takardar rantsuwa a kotun garinmu, mahaifina ya rantse cewa Ramatu Katagum da Ramatu Azare mutum ɗaya ce, a rubuta cikakken sunana huɗu irin nasu, ofishin jakadancinmu ya buga hatimi a kai. Da sunan nan huɗu za a buɗe mini fayil, da shi za a rubuta digiri, ba za a sake canzawa ba. "Huɗu," ya ce, ya ɗaga yatsu. "Ba laƙabi, ba gari."

Saura kwana shida, ciki har da Juma'a da ba a aiki a can, da Asabar da Lahadi da ba a aiki a gida.

A lokacin ba kowane gida ke da waya ba. A Azare wayar shagon Oga Sunday muke amfani da ita, wani mai sayar da magani da ya zo daga kudu tun kafin a haife ni, Hausarsa har da karin harshen Katagum. Muka kira daga wani ɗakin waya, ya aika aka kira Baba. Na faɗa masa abin da ake so.

"Mai Koma dai," ya ce.

"Baba, sun ce ba laƙabi."

"To ni ban san wani ba, Ramatu. Ban taɓa tambaya ba. Tsofaffin da suka san shi duk sun tafi. Saura Dada." Ya yi ajiyar zuciya. "Kin kuwa san Dada."

Na san Dada. Bafulatana ce ta gaske. Baba ɗanta na fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai ta ce "wannan na Azare". Mijinta ya shekara ashirin da rasuwa, har gobe "mai gidan nan" take cewa. In wani yaro a unguwa sunansa Haruna, sai ta laƙaba masa wani suna. Balle surukinta, uban mijinta. An kawo ta gidansa tana yarinya, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba.

Baba ya hau mota ya tafi Katagum a ranar. Daga baya ya ba ni labari. Ya same ta tana tsince wake. Ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta ce masa ya rasa abin da zai tambaye ta sai wannan? Ya ce to ta faɗa wa wata ta faɗa masa. Ta ce duk ɗaya ne, bakinta ne zai furta. Ya ce to ta nuna wani mai irin sunan a gari. Ta ce babu, mai sunan na ƙarshe ya rasu bara. Sai Baba ya ce, "Shi ke nan, Dada. Yarinyar sai ta dawo gida." Ya tashi zai sa takalmi.

Ta ce, "Wace yarinya za ta dawo?"

Ya sake yi mata bayani daga farko. Ta ture farantin waken, ta shiga ɗaki, ta fito da mayafinta na zuwa suna. Ta ce, "Kai ba zan faɗa maka ba. Kai ni inda zan ji muryarta."

Ranar Lahadi da hantsi muka sake kira kamar yadda aka shirya. Oga Sunday ne ya ɗauka. "Likita! Ga Mama nan ta kore mu duka daga shagona. Ni da babanki da masu sayen magani, duk wai mu tsaya waje a rana. Riƙe, in ba ta in fita."

Na ji ƙarar ƙofa. Na ji numfashinta. Ba ta taɓa riƙe waya ba, sai ta yi ta ɗaga murya kamar mai kiran wani a ƙetaren kogi.

"Ramatu? Kina ci kuwa?"

"Ina ci, Dada."

"Ƙarya kike, na ji a muryarki. Akwai abin rubutu a hannunki?"

"Akwai."

Sai muryar ta sauka ƙasa, har sai da na toshe ɗaya kunnen. "Sau ɗaya zan faɗa. Allah Ya yafe mini rashin kunya." Ta gyara murya. "Ke ce Ramatu. 'Yar Adamu. Ɗan Haruna. Ɗan Iliyasu."

Na rubuta a bangon littafina, a ƙarƙashin jerin makarantu. Biron ya huda takardar.

"Kin rubuta?"

"Na rubuta, Dada."

"To. Mutumin kirki ne. Ranar da aka kawo ni, shi ya aiko mini da kifi mafi girma a komarsa, ya ce a ce wa yarinya ta daina kuka." Ta ja hanci. "Sai ki yi karatun da kyau, tunda kin sa na faɗa."

Ta ajiye kan wayar a kan tebur ba ta kashe ba. Na ji ta buɗe ƙofa tana cewa, "Ku shigo, na gama." Baba ya ɗauka ya ce, "To, mene ne sunan?" Ni na faɗa masa sunan kakansa. Sai da sunan ya je Khartoum ya dawo kafin ya ƙetare ƙofar shagon Oga Sunday.

Litinin Baba ya yi rantsuwa a kotu. Aka turo takardar ta na'urar faks, ta fito da dogon baƙin layi a tsakiya, amma sunayen huɗu sun fito sarai. Talata muka wuni a ofishin jakadanci, Laraba aka buga hatimi. Ranar Alhamis, ana saura awa biyu a rufe, Ustaz ya buɗe sabon fayil mai ruwan ƙasa, ya rubuta sunan a bango da Larabci daga dama, da Turanci daga hagu, ya ce asalin takardar ta biyo baya ta gidan waya. Ya miƙo mini katin ɗaliba. "Yanzu kin zama mutum ɗaya," in ji shi.

A bakin ƙofa Hajja Zara ta karɓi katin ta juya shi, ta sa na karanta mata. Ta ce, "Uku ban da ke. Saura huɗu ki kamo ni." Ta raba shayi kyauta ga duk wanda ke zaune a gindin bishiyar. Kawu ya sha kofi uku. Da zai tafi washegari ya ba ni carbinsa, ya ce, "Uwata, daga yau in kin san amsa ki riƙa faɗa." Ya juya da sauri ya shiga mota.

Shekara shida na yi. Na saba da wake da man riɗi, na iya ɗaura lafaya, na iya Larabcin kasuwa har ina yi wa sababbin ɗalibai tafinta, ina kuma duba musu fasfo da sakamako tun kafin su shiga wurin Ustaz. Na ga wasu 'yan ƙasarmu da suka shiga irin waccan kwalejin, suka dawo suka faro daga aji ɗaya bayan shekara uku. Duk Juma'a nakan je inda manyan kogunan birnin biyu suka haɗu, ɗaya fari-fari ɗaya mai duhu, in zauna in tuna namu na Katagum da bai kai rabinsu ba.

Dada ta rasu ina aji uku, ana tsakiyar jarrabawa. Ba a faɗa mini ba sai da na gama. Hajja Zara ce ta zauna da ni kwana uku, ta rufe shayinta.

Da na dawo gida na kai takarduna hukumar likitoci don jarrabawar lasisi. Ma'aikacin ya duba sunan jami'a a jerinsu, ya samu. Ya jera digiri da fasfo da sakamakon sakandare, ya ɗaure fuska, ya buɗe baki. Kafin ya yi magana na ɗora masa takardar rantsuwar, na yi masa bayani tun daga aji huɗu na firamare, ban yi in'ina ba. Na ci jarrabawar, na yi shekarar koyon aiki, aka ba ni lasisi.

Yanzu ina da ɗan hatimi na roba a aljihun farar rigata. Da na je yin sa, mai sassaƙawa ya ce sunan ya yi tsawo, in cire na ƙarshe. Na ce ya rage girman rubutun. A rana nakan buga shi sau arba'in ko fiye, a takardar magani, a takardar sallama, a katin awon ciki. Wani lokaci majinyaciya takan duba ta ce, "Likita, wane ne Iliyasu, maigidan ne?"

Sai in ce a'a, masunci ne a Katagum. Dada ce ta faɗa mini.